Ciki Ya Wuce Wata Uku, Sai A Saki Jiki?

 

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakin mata, tun ina ɗaliba a makarantar koyon aikin ungozoma har zuwa yau da furfura ta fara leƙowa: wai da zarar ciki ya haye wata uku, to ya zauna ke nan. Laulayi ya lafa, amai ya tsaya, abinci ya soma zama, mai cikin ta murmure ta koma kan daka da wanki da ɗibar ruwa. Dangi su daina kaffa-kaffa da ita, sai kuma wata na bakwai idan aka fara zancen goyon ciki da kayan jariri. A tsakanin nan, wato wata na huɗu da na biyar da na shida, kowa ya saki jiki.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Mafi yawan ɓari, wajen takwas cikin goma, a makonni 12 na farko yake aukuwa, kuma galibinsa tun wajen haɗuwar ƙwayoyin halitta aka samu tangarɗa, abin da babu mai iya gyarawa. Idan ciki ya tsallake wannan siraɗi haɗarin yakan ragu ƙwarai, sai dai bai gushe ba. Likitocin mata na ƙiyasta cewa ciki ɗaya zuwa biyu cikin kowane ɗari yana zubewa a zango na biyu, daga mako na 13 zuwa abin da ya yi sama. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin awo na babban asibiti da safiyar Litinin, ya ga mata ɗari biyu jere a kan benci kowace riƙe da katinta, sai ya yi lissafin da kansa.

A Najeriya, cikin da ya fita kafin ya cika mako 28 ɓari ake kiransa. A Ingila mako 24 ne iyakar, domin suna da kwalba da na'urorin numfashi da za su iya rainon jaririn da ya zo a wannan lokaci. Mu a nan, ɗan da ya faɗo yana wata biyar ko farkon na shida da wuya ya rayu, ko a asibitin koyarwa aka haife shi. Ke nan duk abin da za a yi masa, sai dai a yi tun yana cikin uwarsa.

Ɓarin wannan zango ya sha bamban da na farkon ciki. Sau da yawa ɗan lafiyarsa ƙalau, zuciyarsa na bugawa har zuwa sa'ar ƙarshe. Matsalar tana ga bakin mahaifa, ko mabiyiya, ko fayar da yake kwance a ciki, ko wata cuta da ta kama uwar. Wasu daga cikin waɗannan ana iya tarar numfashinsu idan an gane da wuri. Sannan haɗarinsa ga uwa ya fi na farkon ciki nesa ba kusa ba, saboda jinin da ke kwarara zuwa mahaifa ya ƙaru, mabiyiya ta yi jijiya, kuma takan ƙi fita bayan ɗan ya fito. Ga mu Musulmi kuma akwai wani nauyin: hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda kowane ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una, ya nuna bayan kwana 120 ake busa rai. Wadda ta yi ɓarin wata biyar ba gudan jini ta gani ba. Mutum ta gani, da yatsunsa da faratansa, har ana iya gane mace ce ko namiji.

Shekarun baya ina aikin dare a ɗakin haihuwa na wani asibiti aka kawo mini wata yarinya wajen ƙarfe biyu, daren Juma'a wayewar Asabar. Amarya ce, cikin fari, mako 21 bisa katin awon da ta taɓa zuwa sau ɗaya. Surukarta da wani ƙanin mijinta ne suka kawo ta a Adaidaita Sahu, zanenta sharkaf da ruwa. Ina shirya ta kafin likita ya iso na ce mata, “’Yata, yaushe kika fara jin wani abu?”

Ta ce, “Tun ranar Talata, Sista.”

“Me kika ji?”

“Ba ciwo ba ne. Nauyi ne kawai a marata, kamar wani abu na danno ni ta ƙasa. Sai bayana da ke riƙewa. Sai kuma wani farin abu mai yauƙi da yake ta zuba.”

“Wa kika gaya wa?”

Sai ta sunkuyar da kai. Tsohuwar da ke tsaye bakin gado ta riƙe haɓa ta ce, “Wallahi Sista, ni sai daren nan na ji. Kuma gida ɗaya muke kwana muke tashi.”

Daga baya na ji sauran labarin. Facalarta kawai ta gaya wa, ita kuma ta ce mata ko dai sanyi ne ko zaƙi, duk mai ciki tana yi. Aka aiki yaro kemis ya sayo ƙwayoyi. Mijin direban babbar mota ne, yana hanyar Legas, ita kuma ba ta ga abin da ya kai a kira shi a nemi izinin fita ba, tunda babu jini babu ciwo. Ko da likita ya duba, bakin mahaifa ya riga ya buɗe, faya ta fashe, ƙafar ɗan ta sauko. Kafin kiran assalatu ya fito, namiji. Mabiyiya ta maƙale, sai da aka shiga da ita tiyata aka ciro, aka ƙara mata jini leda biyu.

Kwana uku cur jikinta yana yi mata magana. Abin da ya hana a ji, maganar a hankali take, mu kuma an saba mana cewa ɓari da jini da murɗawar mara yake zuwa. Wannan siffar ɓarin farkon ciki ce. Na tsakiya yakan zo da sanɗa.

Abin da ya samu yarinyar nan shi ne raunin bakin mahaifa. Bakin mahaifa kamar wuyan jakar zuge yake: aikinsa ya kasance a tsuke, mai tsawo da ƙarfi, har wata tara su cika. A wasu mata, ko don halitta, ko don ya taɓa yagewa a wata haihuwa mai wuya, ko don an taɓa buɗa shi da ƙarfi wajen wankin ciki, sai ya fara gajarcewa yana buɗewa da kansa yayin da ɗa ya fara nauyi, mafi yawa tsakanin mako na 16 da na 24. Kuma ba tare da naƙuda ba. Alamominsa su ne waɗanda ta lissafa mini da bakinta: nauyi ko dannawa a mara da gaba, ciwon baya ko ƙugu wanda ba kaifi gare shi ba amma ya ƙi tafiya, ɗan murɗa irin na gabanin al'ada, da sauyin abin da ke fita daga gaba, ya ƙaru, ko ya tsinke kamar ruwa, ko ya yi yauƙi, wani lokaci da ɗan sirkin ja ko ruwan ƙasa-ƙasa. Kowace ɗaya idan aka ware ta ba ta da ban tsoro, mai ciki takan ji irinsu. Abin lura shi ne sabuwa ce, jiya babu ita, kuma ta zauna. Idan biyu ko uku suka haɗu, wannan ranar ta ga asibiti, ba sai ranar awo ba. Likita na iya auna tsawon bakin mahaifa da na'urar hoton ciki ta gaba. Idan ya gaza milimita 25 kafin mako na 24, akwai abin yi, ko maganin furojestaron da ake sakawa, ko ɗinki. Ko ya fara buɗewa, matuƙar faya ba ta fashe ba kuma babu ƙwayar cuta, wani lokaci ana iya yin ɗinkin gaggawa. Ba kullum yake ci ba, amma ranar Talata akwai wannan ƙofa, daren Juma'a kuwa ta rufe.

Bari in tsaya kan maganar zaƙi, domin ta ci mana 'ya'ya da yawa. Mata sun ɗauka wani abu ne mai yauƙi da ke taruwa a jikin mai ciki saboda shan kayan zaƙi, wanda sai ya fita haihuwa ke zuwa da sauƙi. Shi ya sa idan mai ciki ta ga ruwa ko yauƙi na zuba, maimakon hankali ya tashi sai a yi mata barka, har a ƙara mata da jiƙe-jiƙe don ya ƙarasa fita. A wata na tara ma ina da ja a kan wannan, balle a wata na biyar. Yauƙin nan sau da yawa toshiyar bakin mahaifa ce ta ɓalle, ruwan kuma ruwan faya ne, wanda ɗa ke iyo a ciki, wanda huhunsa ba ya ginuwa sai da shi. Ba dole ne ya ɓarke gaba ɗaya ba. Yakan riƙa tsatsafowa kaɗan-kaɗan, mace ta yi zaton fitsari ne ya kufce mata. Bambancinsu: ruwan faya ba ya da zarnin fitsari, fari ne tas ko da ɗan gauraye, kuma ba a iya matse shi a riƙe. Wadda ke shakka ta yi fitsari, ta sa tsaftataccen farin ƙyalle ko audugar mata, ta kwanta kamar rabin sa'a, sannan ta miƙe. Idan ya jiƙe, ta ɗauki ƙyallen ta tafi da shi asibiti. Kada ta yi matsi, kada ta zauna cikin ruwan bagaruwa ko wani ruwan magani, kada ta kusanci maigida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da faya ta huje, hanya ta buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa cikin mahaifa, daga nan su shiga jini. Idan ruwan ya fara wari, ko ya sauya launi, ko zazzaɓi ya biyo baya, to batun ya tashi daga ceton ciki ya koma ceton ran uwa, kuma da sa'o'i ake lissafinsa.

Jini kam kowa ya san alama ce, amma nan ma akwai inda muke kuskure, domin da yawansa muke auna haɗarinsa. Idan mabiyiya ta zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa, jini ne ja wur yake zuwa ba tare da ciwo ba, ya ɗan zuba ya tsaya, a ce ai ya wuce, sai bayan kwanaki ya dawo kamar an buɗe famfo. Idan kuwa mabiyiya ce ta fara ɓanɓarewa daga jikin mahaifa, ciki yakan yi tauri kamar dutse da ciwo mai tsanani, jinin da ke fitowa baƙi-baƙi kuma kaɗan, ko ma kada a ga komai, alhali yana can yana taruwa a ciki. Mace na iya yin fari fat, jiri na ɗibarta, zanenta kuwa a bushe. Don haka duk jinin da aka gani a zango na biyu, ko ɗigo ne, a je a duba. Kuma ina roƙon iyayenmu ungozomomin gargajiya, waɗanda nake ganin girmansu: mai cikin da ke zubar da jini ba a sa mata hannu. Mu ma a asibiti ba ma sawa sai hoto ya nuna inda mabiyiya take, don yatsa ɗaya na iya ɓalle jinin da ba za a iya tsayarwa ba. Wadda aka gaya wa a hoton wata biyar cewa mabiyiyarta na ƙasa kada ta ɗaga hankalinta, mafi yawansu suna hawa sama yayin da mahaifa ke girma. Abin da ake so ta koma a sake dubawa.

Ba kowane ciwo ne abin tsoro ba, kada in bar masu ciki da zaman ɗar-ɗar. Akwai sukar da ke zuwa a gefen mara idan mace ta yi atishawa ko ta miƙe da sauri, ta soke ta saki nan take. Jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ne ke miƙewa. Akwai kuma ƙullewar ciki da ke zuwa jefi-jefi ba tsari, ta lafa idan an sha ruwa an kwanta a gefen hagu. Wadda ake gudu ita ce mai zuwa tana komawa a kan ƙa'ida, sau huɗu ko fiye a sa'a guda, hutu bai sa ta lafa ba, sai ma ƙara matsowa take. Wannan naƙuda ce, ko da watan haihuwa na da nisa.

Sai zazzaɓi, wanda muka raina saboda sabo. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana son mabiyiya, a nan take taruwa ta ɓuya, ta rage abincin da ke isa ga ɗa, ta shanye jinin uwa, kuma masu cikin fari ta fi yi wa illa. Zafin jikin kansa, idan ya kai digiri 38 ko ya haura, yana iya tayar da naƙuda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara bai wa mai ciki maganin rigakafin nan da aka fi sani da Fansidar da zarar ta shiga zango na biyu, a riƙa maimaitawa da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin ta haihu, tare da kwana cikin gidan sauro. Wadda ba ta fara awo ba sai ciki ya kai wata bakwai, kamar yadda da yawanmu ke yi, ta riga ta yi asarar rabin wannan kariya. Haka ciwon mafitsara: fitsari mai zafi ko raɗaɗi, yawan jin fitsari amma kaɗan ke fita, ciwo a kwiɓi, rawar ɗari. A jikin mai ciki yana saurin hawa ƙoda. Maganinsa ba tsada, amma sai an gwada fitsarin, don ba kowace ƙwaya ta kemis ce ta dace da mai juna biyu ba.

Daga mako na 20 kuma hawan jinin masu ciki ke fara leƙowa. Ciwon kai mai nacin da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu har zobe ya matse, ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda ake ɗauka gyambon ciki ne. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ba abin a je a dawo ba ne. Ƙarshensa jijjiga, ko ɓanɓarewar mabiyiya, ko mutuwar ɗa a ciki. Na yi rubutu a kansa a baya, ba zan maimaita ba.

Motsin ɗa shi ne abin da mata suka fi tambayata. Yawanci ana fara jinsa tsakanin mako na 16 da na 24. Mai cikin fari takan makara, haka wadda mabiyiyarta ke ta gaba. A farko ba ya da tsari, yau a ji gobe a rasa, don haka ba a ƙirga shi a wata na huɗu. Amma wadda ta kai mako 24 ba ta taɓa ji ba, ko wadda ta saba da motsin ɗanta sai ta ji ya ragu sosai ko ya yi tsit, ta je a saurari bugun zuciyarsa a ranar. A nan ne maganar kwantaccen ciki ke shigowa. Ba hurumina ba ne in tsoma baki a abin da malaman fiƙihu suka tattauna game da tsawon zaman ciki, wannan fagen nasu ne. Abin da na gani da idona nake faɗa: na karɓi mata da dama da aka ce cikinsu ya kwanta, motsi ya tsaya, cikin ya daina girma har ya fara komawa, nono ya saki, aka yi ta ba su rubutu da jiƙo don a tashe shi. Da aka ɗora na'ura sai a tarar ɗan ya yi makonni da rasuwa. Zamansa a ciki na iya jawo ruɓa, kuma idan aka daɗe yana iya lalata daskarewar jinin uwa, ta yadda ranar da zai fita jini zai ƙi tsayawa. Ga ma'auni mai sauƙi da kowace mace za ta iya riƙewa: a wata na biyar saman mahaifa yana kaiwa daidai cibiya, daga nan sama yake yi. Cikin da ya tsaya ko ya koma baya, hoto yake buƙata. A yi addu'a, a sha rubutun, amma a kan hanyar asibiti.

Yanzu ga maza, domin na san kun fi mata karanta wannan shafi. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna irin tazarar da ke tsakanin matan da suka yi awo da waɗanda ba a gani ba sai da abu ya ɓaci. A cikin na biyun ne mace-macen suka taru. A 1994 kuma wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe masu ciki gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a ɗakunanmu yake kwana. Yarinyar da na ba ku labari ba talauci ne ya hana ta zuwa ba, kuma tsakanin gidansu da asibiti bai fi tafiyar minti ashirin ba. Kunyar cikin fari ce, wadda ke hana yarinya ko ambaton cikin a gaban surukai, sai kuma rashin sanin ko tana da ikon fita. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida ya gaya wa iyalinsa da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa, tun cikin yana ƙarami: duk ranar da kika ji abin da ba ki gane ba, ina nan ko ba na nan, dare ko rana, na yafe miki, ki tafi. Ya bar kuɗin mota da na kati a hannunta, ba a aljihunsa ba. Ya san rukunin jininta, ya san wa zai ba ta jini cikin 'yan'uwa idan ta kama, ya ajiye lambar mai abin hawan da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ita kuma uwar miji, ita ce ta fi kowa iya karya wannan shiru, domin yarinya ba za ta fara ba. Tambaya ɗaya da safe, “’Yar nan, ya jikin? Babu abin da kike gani?”, ta fi tulin kayan ƙauri.

Jinkiri na uku namu ne, mu ma'aikata, kuma ba zan wanke mu ba. Na ji da kunnena an ce wa mai ciki, “Ba jini ba ciwo, me ya kawo ki? Ki dawo ranar awonki.” Wadda aka yi wa haka sau ɗaya a gaban jama'a ba za ta sake zuwa ba sai an ɗauko ta ranga-ranga. Na san yawan aiki, na san nas ɗaya kan kwana da mata talatin. Duk da haka, mace mai wata biyar da ta ce tana jin nauyi a ƙasa ta cancanci a kwantar da ita a duba, ko da tara cikin goma za a tarar ba komai. Ke kuma idan aka sallame ki alhali jikinki bai yarda ba, ki nemi ganin likita, ko ki wuce asibiti na gaba.

Dole in faɗi wata gaskiya mai ɗaci: ba duk cikin da aka kawo da wuri ake cetowa ba. Akwai wanda ko a gaban likita ya fara sai ya fita, akwai kuma wanda har a gama bincike ba a gano sanadinsa ba. Wadda abin ya same ta kada a ɗora mata laifi, kada a ce tulun da ta ɗauka ne ko kishiya ce ta yi mata baki, kada kuma a yi mata gaisuwar “ai ba a haife shi ba”. Ta ji motsinsa, wataƙila ta raɗa masa suna a zuciyarta, kuma bayan kwana biyu ko uku nononta zai kawo ruwa babu mai sha. Ta samu hutu da kulawa irin ta mai jego. Idan jini ya yawaita, ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya taso bayan ta koma gida, ta koma asibiti, wataƙila akwai saura. Idan rukunin jininta nagetif ne, ta tambayi allurar anti-D, wadda ake so a yi cikin sa'o'i 72 don kare cikin gaba. Kafin a sallame ta kuma, ita ko mijinta su tambayi likita: me kuke zaton ya jawo, me za mu yi idan an sake samu? A rubuta, a adana takardar. Mata nawa aka laƙaba wa wabi, aka yi ta yawo da su gidajen masu magani, wasu har aure ya mutu, alhali ciwon sukari ne ba a gano ba, ko hawan jini, ko ƙari a mahaifa, ko cutar da allurar fenisilin ke kashewa, ko kuma bakin mahaifa ne da zare ɗaya zai riƙe?

Ɗinkin nan ba sabon abu ba ne. Wani likita ɗan Indiya, Shirodkar, ya bayyana hanyarsa a 1955, wani ɗan Ostireliya, McDonald, ya kawo mafi sauƙi a 1957, kuma ita aka fi yi a asibitocinmu. Ana zagaye bakin mahaifa da zare mai ƙarfi a tsuke, galibi tsakanin mako na 12 da na 14 ga wadda tarihinta ya nuna tana buƙata, a kwance shi a mako na 36 ko 37, ta haihu da kanta. Amma sai ta zo tun ciki na wata biyu ko uku, wato daidai lokacin da al'ada ta ce a ɓoye shi.

Yarinyar nan ta dawo bayan shekara guda da 'yan watanni, da ciki wata biyu. Surukar ce ta kawo ta, riƙe da tsohuwar takardar sallama a cikin leda. Aka yi mata ɗinki a mako na 13. Sau biyu bayan nan tsohuwar tana kawo ta da daddare, tun daga ƙofa take cewa, “Sista, ta ce bayanta na riƙewa tun la'asar, na ce mu dai zo ku gani.” Duka biyun muka duba, zare na nan daram, ɗa na wutsil-wutsil, muka ce su koma gida su kwanta. A mako na 37 aka kwance zaren, bayan kwana tara ta haifi mace.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.